Koren Facin Amak

Yayana Jumadil sai da ya haura shekara arba'in sannan ya ce zai koyi tashi sama. Tun yana yaro yake hawan igiyar ruwa a nan Gerupuk, ƙauyenmu na bakin teku, kuma da ita yake ci da iyalinsa: ya ɗebi baƙi a kwale-kwale, ya kai su inda igiya ke karyewa, ya nuna musu yadda ake tsayuwa a kan allo. Ana nan sai ga sabon yayi ya shigo. Allo ne gajere, an dasa masa doguwar sanda a ƙarƙashi, a ƙarshen sandar kuma ga fiffike irin na jirgin sama. In mutum ya iya, allon kan ɗago daga ruwa gaba ɗaya ya bar fiffiken kaɗai a ciki, sai ka ga ƙato yana tafiya a iska, ba ƙara ba fantsama. Baƙi suka fara tambayar wanda ya iya, samarin gari suka fara kwashe masa mutane. Da wani Bature zai koma ƙasarsu, Jumadil ya sayi nasa.

Ni rumfar abinci nake da ita a bakin ruwa, don haka duk faɗuwar da ya yi a idona ya yi ta. Ƙafarsa ta saba danna bayan allo, shi kuwa wannan abin gaba yake so a danna masa. Da igiya ta ɗauke shi sai hancin allon ya yi sama, ya wurgar da shi gefe, ya fito yana tari yana dube-dube ko wani ya gani. Kowa ya gani.

"Kak," nakan ce masa, yadda muke kiran yaya, in ya zo shan kofi, "yau ruwan ya ragu a teku ko da saura?"

"Ke dai soya ayabarki, Marni. Ranar da zan tashi za ki ƙone ta don kallo."

Mahaifinmu ba ya sa baki a wannan tsokana. Mu Amak muke ce masa, mutanen gari kuma Amak Jumadil, da sunan ɗansa na fari kamar kowane uba. A gidana yake zaune, kuma kullum da hantsi yakan sauko rumfar ya zauna a bencin ƙarshe yana kallon ruwa. A da babu kwale-kwalen da zai tsage a wannan gaɓar bai biyo ta hannunsa ba. Yakan kankare wurin, ya shimfiɗa ƙyallen faiba mai zaren gilas, ya zuba ƙaron jirgi mai danƙo a kai, in ya daskare ya goge, sannan ya shafa wani koren fenti da shi kaɗai ke amfani da shi. Daga nesa ka hango kore a jikin jirgi ka san aikin wa ne. Da hannunsa ya fara rawa sai mutane suka fara kai jiragensu gyara can garin Awang. Ba wanda ya ce masa komai. Suna gaishe shi da girmamawa, su wuce da jirginsu a tsage. Shi ma bai taɓa yin magana a kai ba, amma ni da nake zuba masa abinci na san abin yana cin sa, don rabin shinkafar yake bari.

Ranar da allon ya fashe ruwa ya janye sosai. Ni kaina daga rumfa na ga duwatsun murjani sun fara leƙowa, amma Jumadil ya ce bari ya ƙara hawan igiya ɗaya. Fiffiken ya tokari dutse, allon ya kife, igiyar baya ta zo ta maka shi a kan murjani. Ya fito da ƙujewa a kafaɗa, allon kuma da rami kusa da hanci, faɗin tafin hannu.

Bai ko dubi kafaɗar ba. Ya kwance sandar da fiffiken, ya wanke ramin da ruwan daɗi, ya jingina allon a bayan rumfata, ramin na kallon ƙasa.

"Kada kowa ya taɓa min shi," ya ce. "Sai ya tsane sarai. In aka rufe shi da ruwa a ciki ya tashi aiki."

Amak ya taso daga bencinsa, ya sunkuya ya daɗe yana duban ramin. Ya sa yatsa ya zagaye bakinsa. Ya koma ya zauna.

Cikin makon aka yi bikin ƙanwar matar Jumadil a garin Praya, shi da iyalinsa suka tafi rakiyar ango da ganguna, har da kwana. Da safe na sauko buɗe rumfa sai na ji wari ya tare ni tun daga nesa, warin ƙaron jirgi, wanda na tashi a cikinsa tun ina rarrafe. Na zagaya baya. Amak ne a tsugune, ya ɗaure zanensa tamau, allon a kan benci biyu, ga gwangwaninsa da burushi da almakashi an jera a kan tsohon buhu. Yana aiki yana ɗan waƙa a maƙogwaro.

Na tuna abin da Jumadil ya ce, na buɗe baki zan yi magana.

"Ya tsane," in ji Amak, bai ko ɗago ba. "Na duba. Kawo min kofi, kada ki cika sukari."

Gaskiya farin ciki na yi. Allunan Jumadil na ƙuruciya duk Amak ne ya riƙa yi musu faci da wannan ƙaron, kuma babu wanda ya taɓa buɗewa. Me zai sa in yi zaton wannan daban ne? Na kawo kofi, na ƙara da soyayyar ayaba, ya cinye tas. Da la'asar ya goge, ya shafa korensa. Ran nan har ƙari ya nema a abincin yamma.

Jumadil ya dawo washegari. Amak na zaune a benci yana jiran sa, ya yi kamar ba jira yake ba. Jumadil ya zagaya baya, ni ina biye da shi. Na ga ya tsaya cak. Ya sa babban yatsa ya danna gefen facin, wurin ya lotsa kamar fatar ganga. Ya ƙwanƙwasa, ƙarar ta fito fayau, ba komai a ciki.

"Me ya faru?" na tambaya a hankali.

"Ƙaron jirgi ya sa?"

"Da me zai sa?"

Ya rufe ido. "Cikin wannan allon ba irin na da ba ne, Marni. Farin soson nan ne mai ƙwaya-ƙwaya, irin na akwatin kifi. Ƙaron jirgi cinye shi yake yi. Sama ta daskare, ƙasa ta narke. Ramin da ke cikin nan yanzu kwakwa za ta zauna a ciki."

Sai ga Amak ya zagayo, hannu a baya.

"Ya ka gani?"

Na dubi yayana. Mutumin da in na ƙara masa gishiri a miya sai unguwa ta ji, ya washe baki ya ce, "Amak, ai ya fi sabo. Allah ya ƙara lafiya."

"Ka bar shi ya ƙara shan iska kafin ka sa shi a ruwa," in ji Amak, ya juya ya tafi yana gyara hula.

Da ya yi nisa na ce, "Kak, wannan wace irin magana ce?"

"Kin ga fuskarsa?"

"Na gani. Na kuma ga allon."

"Allo ana gyarawa. Akwai wani Nengah a garin Kuta, aikinsa ke nan. Zan kai masa ya yanke wurin ya cike, ya rufe da irin ƙaron da ya dace. Ke dai ki samo min ragowar fentin Amak a kwalba."

"Fentin kuma na me?"

"Don ya mayar da koren yadda yake."

Na ce masa ƙarya ce wannan, ko da an shafa mata fenti. Ya ce shi bai ga wanda za ta cutar ba. Na ce Amak ba yaro ba ne da za a ba shi ludayi a ce shi ya dafa. Ya ce in na ga zan iya, in je yanzu in gaya wa tsohon da ya yi shekaru bai riƙe burushi ba cewa ranar da ya riƙe ɓarna ya yi. Na leƙa ta gefen rumfa. Amak na benci yana ba wani mai kamun kifi labari, yana kwatanta faɗin ramin da hannu biyu. Ban je ba. Na ɗebo fentin.

Jumadil ya ɗaure allon a gefen babur, ya ce wa Amak zai kai a duba masa kusoshin sandar. Kwana biyu ya dawo da shi. Nengah ya iya aiki, ba na musu. Koren na nan a inda yake, faɗinsa ɗaya, sai dai santsi ya yi kamar faranti, in ka shafa ba ka jin inda faci ya ƙare allo ya fara.

A wannan makon ne kuma Jumadil ya tashi. Safiya ce ba iska, ruwa ya cika, igiyoyin ƙanana masu tafiya a hankali. Na ga ya miƙe, ya danna gaba, allon ya ɗago kaɗan, ya ƙara ɗagowa, ya tsaya a haka. Bai faɗi ba. Ya yanko bakin gaɓar tun daga wajen kejin kifi har kusa da inda jirage ke ɗaure, shiru, hannuwa a buɗe. Ayabata ta ƙone kuwa, amma ban gaya masa ba.

Amak ya sauka har bakin ruwa ya tare shi, zanensa ya jiƙe bai kula ba. Bai yi maganar tashin ba. Allon ya karɓa, ya juya shi, ya shafa koren da tafin hannu, ya sake shafawa. Ya dubi hannun nasa. Sannan ya ɗaga murya ya kira masu gyaran raga da ke kusa.

"Ku zo ku ga. Ya sha ruwa, ya sha duka, ko gezau."

Daga ranar labarin facin ya zama abin hirarsa. A masallaci bayan Azahar, a rumfata, a berugak, 'yar rumfar katakon ƙofar gida, inda dattawa ke zama suna shan taba mai kanumfari. Duk wanda ya zo sai an kai shi bayan rumfa ya shafa. "Rufe ido," yakan ce. "Nuna min inda ya fara." Ba wanda ke iya nunawa. Ya daina barin shinkafa. Jumadil in ya zo shan kofi sai ya ɗaga min gira, wai ga shi nan, wa aka cuta? Ni kuma sai in ajiye masa kofin da ƙarfi.

Amsar ta zo da ƙafarta. Sapoan, maƙwabcinmu mai ba da hayar alluna, ya iso da yamma da allo mai fiffike a kafaɗa, gefensa a tsage. Ya ce ɗaya daga cikin baƙinsa ne ya faɗa a kai da gwiwa. Ya ce da Kuta zai kai, amma tunda ga gwani a gida, wahalar ta me?

Amak ya karɓa da hannu biyu. Ya ce a bar shi ya tsane, jibi da safe zai fara. Ya aika aka sayo masa sabon gwangwanin ƙaro, ya zauna ya wanke burushinsa gashi-gashi.

Na sami Jumadil a bakin jirginsa yana kwashe ruwa.

"To, mai fenti. Wannan ma Kuta za ka kai a ɓoye? Da na gaba da shi? Ko aiki za ka bari ka koma dakon alluna?"

Ya zauna a gefen jirgin. "Zan karɓo irin ƙaron Nengah in juye masa a gwangwanin."

"Amak? Wanda in an buɗe ƙaro a Awang zai ji warin a nan? Nasa yana hawa kai, na Nengah ka ce ba ya wari. Kuma awon haɗin ba ɗaya ba ne, kai ka faɗa min."

"To in je in ce wa Sapoan ya janye."

"Ya janye ya ce me? Kafin Magariba gari ya ji, Amak ne na ƙarshen ji. Haka kake so?"

Ya riƙa juya kwanon kwasar ruwa a hannu. Na ji tausayinsa, don na san ba mugunta ta sa shi ba. Amma haushinsa nake ji, kuma ina jin haushin kaina da na ɗebo fentin.

"Ba zan iya ba, Marni," ya ce. "Bakina ba zai buɗu ba."

"Ka zo ka tsaya kawai. Ni zan fara."

Ranar da Amak ya sa, tun da sassafe ya riga mu sauka. Ya ɗora allon Sapoan a kan benci biyu, ya jera kayansa, ya yanka ƙyallen faiba daidai tsagar. Na zo da kofi a hannu ɗaya, a ɗayan kuma murfin tsohon akwatin kifi. Jumadil na bayana kamar wanda za a yi wa allura.

"Amak, kafin ka fara, ɗiga min ƙaron nan a kan wannan."

Ya dube ni, ya yi dariya. "Ke da wasa. Wannan ai ko ɗan da aka yaye jiya ya sani. Narkewa zai yi."

"Ɗiga dai."

Ya tsoma tsinke ya ɗiga. Muna kallo wurin ya lotsa, ya yi rami, ramin ya ci gaba da faɗi har ya ɓulla ta ƙasa.

"Ga shi nan," ya ce. "Sai me?"

Na juya na dubi Jumadil. Ya matso kusa.

"Shi ne a cikin allunan nan, Amak," ya ce. "Sababbin. Ba irin na da ba ne."

Amak ya dubi ramin da ke jikin murfin. Can ya ajiye tsinken, ya sunkuya kan tsagar allon Sapoan, ya sa farce ya ɓantaro ɗan abin da ke ciki. Ƙwaya fara ta fito. Ya murza ta tsakanin yatsu, ya ɗauki murfin akwatin ya ɓantari gefensa, ya murza. Ya daɗe yana kallon biyun a tafinsa.

"Naka fa?" ya ce. "Me ya sa naka bai narke ba?"

"Ya narke."

"Na ga kana hawa."

"Na kai Kuta an sake shi."

"Koren?"

"Ni na ɗebo musu a gwangwaninka," na ce.

Ya zauna a kan buhun. Daga gaban rumfa ana jin wani yana kiran a kawo shinkafa, ban amsa ba. Amak ya ɗauki kofin, ya kai baki, ya mayar bai sha ba.

"Wa ya yi gugar?"

"Nengah sunansa," in ji Jumadil.

"Ya iya." Ya gyaɗa kai a hankali. "Ranar da na shafa wurin nan a bakin ruwa, na ce a raina, ashe hannuna ya dawo. Na yi mamaki, don na san da na gama akwai tudu-tudu. Sai na ce ƙila idona ne ya ga ba daidai ba. Na yi ta godiya ga Allah."

"Amak, ka yafe min. Ban so ranka ya ɓaci ba ne."

"Na sani." Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi min sauƙi. "Da ka gaya min ranar da ka dawo daga Praya, da allo ɗaya na lalata, in ji kunya a gaban ɗana, shi ke nan. Yanzu babu wanda ban kamo hannunsa na ɗora a kan aikin wani na ce nawa ne ba. Har liman."

Jumadil ya tsuguna a gabansa, ya rasa inda zai sa ido. Ni hawaye ne suka zo min, na juya ina gyara murfin tukunyar da ba ta buƙatar gyara.

Amak ya rufe sabon gwangwanin, ya danna murfin da dunduniyar hannu har ya zauna. Ya naɗe ƙyallen da ya yanka. Sannan ya miƙe ya ɗauki allon Sapoan ya saɓa a kafaɗa.

"Kawo in kai masa," in ji Jumadil. "Zan ce masa ba ka jin daɗi ne."

Amak ya tsaya ya dube shi, har sai da Jumadil ya sunkuyar da kai.

"Ni na karɓa," ya ce. "Ni zan mayar, in faɗa masa dalili."

Akwai hanya ta bakin ruwa da ke kaiwa bayan gidan Sapoan, ba mai ganin ka. Bai bi ta ba. Ya hau titin tsakiyar gari, lokacin da masu dawowa daga kamun kifi ke zaune a ƙofofinsu. Jumadil ya yunƙura zai bi shi, na riƙe masa riga. Daga inda muke tsaye muna jin sa yana amsa gaisuwar mutane ɗaya bayan ɗaya, har ya kai ƙofar Sapoan ya yi sallama da ƙarfi.